Idan Cuta Ta Ɓarke a Makaranta, Ta Yaya Labari Zai Isa Gida?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce daga Azare. Lokacin korona a bakin maƙwabta na ji an rufe makarantu, babbar 'yata da ke makarantar kwana kuwa sai ganinta muka yi da yamma ta sauka daga mota da akwatinta, ba wanda ya kira mu. Yanzu ƙannenta biyu suna firamare, ɗaya tana makarantar kwana, ni kuma an zaɓe ni cikin shugabannin ƙungiyar iyaye da malamai. Ga shi kullum ana maganar mashaƙo da zazzaɓin Lassa. Mene ne haƙƙinmu a kan makaranta idan annoba ta zo, kuma me ya kamata mu nema a tanada tun yanzu?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya raya zuri'a, Ya taya ki riƙon wannan amana. Abu biyu kika tambaya, yadda makaranta za ta sanar da iyaye da yadda za ta kare yara, amma a aikace ba sa rabuwa, domin uwar da ba a sanar da ita ba babu yadda za ta kare ɗanta, ita ma makarantar da ba ta jin labarin gidajen ɗalibanta takan gane cuta ta shigo ne bayan ta riga ta zagaye ajujuwa. Ni malamin makaranta ne, na shafe sama da shekara 25 a makarantun gwamnati na jihar Bauchi, kuma ina riƙe da shugabancin wata makarantar kwana lokacin da korona ta zo. Abin da ya faru da 'yarki ya faru da wasu daga cikin ɗaliban da ke hannuna, saboda haka ba daga nesa zan ba ki amsa ba.

Yana da kyau a tuna irin saurin da lamarin ya zo da shi. An tabbatar da mutum na farko da ya kamu da korona a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020 a Legas. Ranar 19 ga Maris Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ba da umarnin rufe makarantu, ranar 24 ga Maris kuma aka sanar da cewa Gwamnan Bauchi Bala Mohammed da kansa ya kamu. A watan Mayu, kamar yadda kika fi ni sani, aka kulle ƙananan hukumomin Katagum da Giade da Zaki bayan rahotannin yawan mace-mace a Azare. 'Yan ajin ƙarshe na sakandare sun koma ne a watan Agusta domin jarrabawar WAEC da aka fara ranar 17 ga watan, sauran ɗalibai kuwa sai a Oktoba. Tsakanin jin labarin cutar a Legas da sallamar yara, wata ɗaya ma ba a cika ba.

Lambar wa ke cikin rajista?

Ranar da takardar rufewa ta iso mana, na sa aka kawo rajistar ɗaukar ɗalibai, na raba wa malamai shafuka, kowa ya zauna a gindin darbejiyar da ke gaban ofis yana kira da wayarsa. Kafin azahar muka gane halin da muke ciki. Lambobi da yawa a kashe suke. Wasu na kawun da ya rako yarinya ranar da aka ɗauke ta ne shekara uku da suka wuce, wanda ba ma a garin yake zaune ba. Wata lambar da aka ɗaga, mai shagon cajin waya ne a wani ƙauye, ya ce ya san mahaifin amma sai ranar kasuwa yake shigowa. A ƙarshe muka haɗa yara rukuni-rukuni bisa garuruwansu, muka damƙa su ga direbobin tasha, muna addu'a. Sun isa lafiya, alhamdu lillahi, amma ban ɗauki wannan a matsayin tsari ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa ranar muka fafe.

Don haka abu na farko da zan ce ki nema ba ya cin kuɗi: a sabunta lambobin iyaye a farkon kowane zango, kuma kowane ɗalibi ya kasance da lamba biyu ko uku, ɗaya daga ciki ta wanda zai iya shiga cikin gida ya yi magana da uwar yaron. Wannan sharaɗin na ƙarshe shi ne aka fi mantawa. A al'adarmu sunan uba da lambarsa ake rubutawa, alhali uban yana kasuwa tun safe, ko yana gona, ko ya tafi cirani kudu, mai taɓa goshin yaro ta ji ko da zafi kuma ita ce uwa. Saƙon da ya tsaya a aljihun maigida har dare, game da ciwon da ke iya kashe yaro cikin yini ɗaya, kamar ba a aika shi ba ne. Inda maigida ba ya son a rubuta lambar matarsa, ba sai an yi jayayya ba. A rubuta ta yayar yaron, ko ta wata dattijuwa a gidan, ko ta malamar Islamiyyar da matan unguwar ke zuwa.

Zauren WhatsApp yana da amfani, kuma kusan kowace makaranta a cikin gari tana da shi yanzu, amma kada ya ruɗe ku. Waɗanda ke ciki su ne masu babbar waya da kuɗin data, su ne kuma galibi suka fi iya kai yaro asibiti ko da ba a ce musu komai ba. Gidajen da cuta ta fi yi wa ɓarna su ne ba sa ciki. Abin da na ga ya yi aiki daga baya shi ne a raba iyaye bisa unguwanni da ƙauyuka, a naɗa wa kowane yanki wakili namiji da wakiliya mace, saƙo ya fito daga shugaban makaranta zuwa gare su, su kuma su isar da baki. Saƙon ya kasance na murya, da Hausa, bai wuce minti biyu ba, a inda ake da Fulani ko Jarawa ko Sayawa da yawa kuma a samu wanda zai maimaita shi da harshensu. Doguwar takarda da Turanci da ake ba yaro ya kai gida, sau da yawa a cikin jaka take kwana, ko a ƙunshe ƙosai da ita. Idan abin ya shafi gari baki ɗaya, mai unguwa da limamin Juma'a da fasto da gidan rediyon jiha sun fi duk wata takarda isa lungu, amma sai in shugaban makaranta ya saba gaishe su tun lokacin da babu abin da yake nema.

Abin da za a faɗa, da abin da ba za a faɗa ba

A nan ne makarantu suka fi kuskure, kuma ni ma na yi. Wata damina ɗalibai kaɗan suka kama amai da gudawa a ɗakin kwana ɗaya. Muka kai su asibiti, muka sanar da hukuma, amma na ce a jira sakamakon gwaji kafin a gaya wa iyaye, wai don kada a tayar musu da hankali. Kwana biyu kacal na jira. Masu dafa abinci sun koma gida sun faɗa, mai gadi ya faɗa a majalisa, kafin labarin ya kai garuruwan da ke nesa an ce ɗalibai sun mutu, alhali ko ɗaya ba ta mutu ba. Safiya ta uku ƙofar makaranta ta cika da iyaye. Wani uba, ransa a ɓace, ya ɗauke 'yarsa daga gadon asibiti da robar ƙarin ruwa a hannunta, ya ce tunda mun ɓoye masa wannan, bai san me kuma muke ɓoyewa ba. Ban iya ba shi amsa ba, domin gaskiya ya faɗa.

Tun daga nan na bar jiran tabbaci kafin in yi magana. Iyaye suna iya ɗaukar magana irin wannan: "Ɗalibai kaza ba su da lafiya, ga alamun da aka gani, an kai su asibiti, iyayensu sun sani, ana jiran sakamakon gwaji, gobe bayan la'asar za ku sake ji daga gare ni." Abin da ba sa iya ɗauka shi ne shiru. Kuma idan aka ce gobe bayan la'asar, to a yi magana gobe bayan la'asar ko da babu sabon abu, a ce babu sabon abu. Baki ɗaya ne zai riƙa magana da sunan makaranta, ba kowane malami da nasa labarin ba. Makarantu masu zaman kansu sun fi jin tsoron wannan, saboda suna ganin za a kwashe musu ɗalibai, na gwamnati kuma shugabanninsu suna tsoron a ce sun yi magana ba da izinin ma'aikatar ilimi ba. Dukansu tsoro ne mai dalili. Shi ya sa ya fi kyau ku, iyaye, ku sa a rubuta a cikin ƙa'idojin ƙungiyarku tun yanzu cewa wajibi ne a sanar da ku cikin yini guda, domin shugaban makaranta ya samu abin dogaro idan ranar ta zo. Ayyana sunan cutar da sanar da ɓarkewarta aikin hukumar lafiya ne. Gaya wa uwa cewa akwai marasa lafiya a ɗakin da 'yarta ke kwana aikin makaranta ne, kuma ba ya buƙatar izinin kowa.

Abin da ba za a faɗa ba shi ne sunan yaron da ya kamu, ko na gidansu. Iyayen waɗanda suka yi cuɗanya da shi za a kira su ɗaya bayan ɗaya a keɓe. Lokacin korona na ga gidajen da aka daina sayen abincin sayarwarsu saboda an ga motar jami'an lafiya a ƙofarsu, kuma duk wanda ya ga haka, ranar da nasa ɗan ya kwanta zai rufe ƙofa ya yi shiru.

Haka batun riga-kafi yake. Kada a taɓa barin masu allura su shigo makaranta iyaye ba su sani ba, ko da allurar ta fi kowace amfani. Mutanenmu ba su manta gwajin maganin da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, shi ne ma ya ƙara wa ƙauracewa riga-kafin shan inna ta 2003 ƙarfi. Wanda ya yi tambaya ba jahili ba ne, yana da abin da yake tunawa. A kira taro, a kawo ma'aikacin lafiyar da suka sani a asibitin unguwa, ya faɗi sunan allurar da cutar da take karewa da abin da yaro zai iya ji bayanta, kamar ɗan zazzaɓi ko ciwon dantse. A watan Maris na 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar sanƙarau mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar cutar, kuma Bauchi tana cikin jihohin da aka fara da su tare da Jigawa da Yobe. Irin wannan alheri yana iya wuce yaro saboda kawai ba a yi wa ubansa bayani ba.

Labarin da ke fitowa daga gida

Kiran suna da ake yi kowace safiya shi ne kayan aiki mafi arha da makaranta ke da shi na gano cuta, sai dai mun mayar da shi abin bulala. Idan yara uku ko huɗu daga aji ɗaya, ko daga unguwa ɗaya, suka yi fashi a rana ɗaya, bai kamata malamin aji ya yi alama ya wuce ba. Ya aika a tambaya. Idan aka ce duk zazzaɓi ne, ko ciwon wuya, ko gudawa, shugaban makaranta ya kira asibitin matakin farko mafi kusa a ranar. A kowace daga cikin ƙananan hukumomi 20 na jihar nan akwai jami'in sa ido kan cututtuka, wanda aikinsa ke nan, kuma ya kamata lambarsa ta kasance a manne a bangon ofis tare da lambar kyauta ta NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, wato 6232. Ki tambayi shugaban makarantarku ko ya san sunan wannan jami'in. Amsarsa za ta gaya miki abubuwa da yawa.

Amma iyaye ba za su faɗi gaskiya ba idan faɗin zai jawo musu asara. Uwar da ta san za a doki ɗanta saboda fashi, ko zai rasa jarrabawar zango ba tare da an sake ba shi dama ba, za ta ba shi farasitamol da asuba ta tura shi, zafin jiki ya sauka na 'yan sa'o'i, ya zauna a benci ɗaya da yara biyar. Dole makaranta ta faɗa a fili cewa wanda ya zauna a gida saboda ciwo ba shi da laifi, kuma za a yi masa jarrabawarsa idan ya warke.

Kowace cuta da ƙofar da take shigowa

Kuskuren da korona ta bar mana shi ne ɗaukar cewa kariya ita ce takunkumin fuska da bokiti mai famfo a bakin ƙofa da na'urar auna zafi da ake saitawa a goshi. Namu bokitan, bayan 'yan makonni, babu ruwa a cikinsu balle sabulu, na'urar kuma batirinta ya mutu ba a sake saye ba. Cututtukan da suka fi kusa da mu kowace da hanyarta.

Kwalara, wadda ta yi wa jihar Bauchi mummunar ɓarna a 2021, ta ruwan sha da abinci da hannu take bi, saboda haka maganarta maganar rijiya ce da masai da masu tallar abinci a bakin makaranta, da randar nan da yara ɗari ke tsoma moɗa ɗaya a ciki. Ya kamata kowace makaranta ta ajiye ƙunshin gishiri da sukari na asibiti, kowace uwa kuma ta san haɗin gida: ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ana bai wa yaro yana kurɓa a kan hanyar asibiti, ba a madadin asibiti ba. Sanƙarau kuma na lokacin zafi da ƙura ne, yana son cunkoso da ɗakin da aka toshe tagoginsa. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sandarewar wuya ba abin da za a jira gari ya waye ba ne. Mashaƙo, wanda ya dawo da ƙarfi a arewa daga ƙarshen 2022, ya fi kama yaran da ba su kammala allurarsu ta riga-kafi ta mako 6 da 10 da 14 bayan haihuwa ba. Alamarsa ciwon maƙogwaro da kumburin wuya da wani fari-fari mai kauri a can cikin baki, kuma ina roƙon ki gaya wa mata cewa wannan ba na kai wa wanzami ba ne a ce beli ne a cire.

Zazzaɓin Lassa zan ɗan tsaya a kansa saboda 'yarki da ke makarantar kwana. Bauchi tana cikin jihohin da suka fi yawan masu kamuwa da shi kusan kowace shekara, tare da Ondo da Edo, kuma da rani ya fi tashi. Ɓera ne ke ɗauke da shi, yana barinsa a abinci ta fitsari da kashi. Ki tuna abin da ke cikin akwatin 'yar makarantar kwana: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, sukari, yaji, duk a leda, a ƙarƙashin gado. Na sha buɗe akwati lokacin duba ɗakuna in tarar an huda ledar gari, yarinya kuma ta ce ai ta zubar da wurin da aka taɓa, sauran tana sha. Robar ajiya mai murfi da za ki saya mata ta fi takunkumi goma amfani a nan. Ranar ziyara ki nemi a nuna miki siton abinci, ki duba ko buhuna a ƙasa suke ko a kan katako, ko akwai ramuka a gindin bango. Zazzaɓin da aka sha maganin maleriya kwana biyu zuwa uku bai sauka ba, a koma asibiti a faɗi haka ƙarara, domin maganin Lassa ya fi aiki idan an fara shi da wuri, kuma ana kula da masu ita a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi.

A rufe ko kada a rufe?

Da zarar an ji cuta, abin da iyaye ke fara nema shi ne a sallami yara, kuma na fahimci dalili. Sai dai a makarantar kwana sallama takan zama rarraba cutar ne zuwa ƙauyukan da ba su da asibiti. Yarinyar da ta ɗauki Lassa tana iya kai kwana 21 kafin alama ta bayyana, mai sanƙarau har kwana 10, mai mashaƙo kwana 2 zuwa 5. Sau da yawa abin da ya fi shi ne a ware marasa lafiya, a duba waɗanda suka yi cuɗanya da su, a ba su magani ko allura a wuri ɗaya, sannan a yanke shawara. Idan kuma sallamar ta zama dole, kada yaro ya bar makaranta sai an yi magana da wani a gidansu, an gaya masa alamun da zai lura da su, da kwana nawa, da inda zai kai shi.

Rufewa tana da nata tsadar da ba a gani a ranar. Bayan watannin korona akwai kujerun da suka zauna babu kowa: 'yan mata an aurar, samari sun kama kasuwa ko acaɓa sun ɗanɗani kuɗi. Darussan da aka riƙa gabatarwa a rediyo sun taimaki waɗanda aka tuna musu lokacin shirin, kuma ɗaliban da malaminsu ya riƙa kiran gidansu ko sau ɗaya a wata, na lura su ne suka fi dawowa. Duk da haka, a cutar da ke yaɗuwa ta numfashi wadda ba a san kanta ba tukuna, a ajin da yara suka haura ɗari, ba zan ce hukuma ta yi kuskure da ta rufe ba. Hukuncin rufewa na ma'aikatun ilimi da lafiya ne, ba na ƙungiyar iyaye ba, amma kuna da bakin tambayar dalili da wa'adi.

Ni ba likita ba ne, abin da na faɗa game da alamun cuta na gane lokacin garzayawa asibiti ne kawai, gano cutar da ba da magani na ma'aikatan lafiya ne. Kuma aikina duk a makarantun boko na yi shi, inda akwai rajista da ofis da shugaba. Tsangayu tsarinsu daban ne, iyayen almajirai suna nesa, kuma mun ga yadda aka yi ta mayar da su jihohinsu a manyan motoci a 2020, wasu ɗauke da cutar. Amma yaranki na firamare da almajiran unguwarku rijiya ɗaya suke ɗiba, su ne kuma ke shigowa gidanki karɓar abinci da dare. Idan kun zo rubuta sunayen wakilan unguwanni, ku je ku gaishe da alaramman da ke kusa da makarantar, ku nemi izininsa a sa lambarsa a ciki, duk saƙon da aka tura wa iyaye shi ma a tura masa.